Sunan Shehu a ƙofar asibiti: yadda Arewa ta karɓi zamani

Duk wanda ya ratsa Gawon Nama a birnin Sakkwato zai ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A cikinsa ana horar da likitoci bisa tsarin boko zalla, amma sunan da ke ƙofarsa na Shehun da ya jagoranci jihadin 1804 ne. An kafa jami'ar a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, sai a 1988 ta koma sunan Mujaddadi. Wannan gamin na sabon aiki da tsohon suna ya girmi jami'ar da kanta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta rungumi masana'antu da tsare-tsaren Jean Monnet domin ta wanke kunyar faɗuwarta a hannun Jamus a 1940. Tsoron Arewa daban ne. Kudu ta yi mata fintinkau a karatun boko, kuma manyan Arewa sun hango cewa idan Bature ya tafi, akawu da injiniya da likita duk daga can za su zo. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, magana mai nauyi a zamanin da ba a saba ɗaga murya a kan sarakuna ba.

Wanda ya ɗauki wannan kaya shi ne Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ɗan Raba, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya nemi gadon sarauta a 1938, aka naɗa Abubakar na Uku; a 1954 ya zama Firimiya. Daga nan aka shiga fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a shekarar aka kafa kamfanin siminti na Kalambaina, wanda bai fara aiki ba sai 1967.

Inda abin ya fi tsauri shi ne shari'a. Ƙananan ƙabilu da masu zuba jari daga waje suna ɗari-ɗari da kotunan alƙalai. A 1958 aka gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, aka kuma fito da kundin hukunta laifuka wanda ya fara aiki a 1960. Ma'anarsa a fili take: a ƙasar da aka kafa daula domin tsayar da shari'a, hukuncin laifi ya bar littattafan Malikiyya ya koma dokar majalisa, aure da gado kuwa suka zauna a hannun alƙali. Ba don jikan Shehu ne ya kawo maganar ba, da wuya malamai su haɗiye ta. Sardauna ya san haka, ya kuma yi amfani da nasabarsa ba tare da kunya ba.

Sarakuna ma sun ɗanɗana. A 1963 gwamnatinsa ta tilasta wa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi yin murabus, alamar cewa iko ya tashi daga fada ya koma Kaduna. Bayan kashe Sardauna a ranar 15 ga Janairu 1966, sojoji suka ƙarasa aikin: suka raba Arewa jihohi shida a 1967, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe En'en baki ɗaya.