Wutar DC: Yadda Ta Sha Kaye a Zamanin Edison, Ta Dawo Ta Cikin Inbata

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

Duk mai inbatar sola, wataƙila ya taɓa jin ta yi ƙara ta kashe kanta, allonta yana nuna boltejin layin DC ya yi yawa ko ya yi ƙasa. Yau zan ba ku tarihin wannan matsala, don ta haura shekara ɗari da arba'in ana fama da ita.

A ranar 4 ga Satumba 1882 Thomas Edison ya kunna tasharsa ta titin Pearl a birnin New York na Amurka. Wutar DC yake bayarwa, wato mai tafiya ta fuska ɗaya, a kan bolt 110. Bolteji shi ne ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, kuma yana raguwa yayin da waya ke tsawo. Gidan da ke kusa da tasha fitilarsa tar, na nesa kuwa ja-ja kamar aci-balbal. Da an wuce kilomita ɗaya da rabi, sai dai a gina wata tashar.

Tashoshin DC da dama na wancan zamani sun yi wata dabara. Sun jona manyan batura na dalma, irin wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, a kan babban layin tasha. Idan masu jan wuta sun yi kaɗan, batir ya sha rarar. Idan sun yi yawa da magariba, ya mayar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya kayar da DC shi ne taransifoma. Da ita ake ɗaga boltejin AC a kai shi nesa, a sauke shi a ƙofar gida, amma ba ta aiki da DC. George Westinghouse, da taimakon ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla, ya haska baje kolin Chicago a 1893, sannan a 1896 wutar Niagara ta isa birnin Buffalo. Daga nan AC ta karɓe kasuwa.

To amma DC ba ta mutu ba. A 1954 kamfanin ASEA na Suwidin ya kai megawat 20 zuwa tsibirin Gotland ta kebur na ƙarƙashin teku, da DC mai bolt 100,000. A 1957 General Electric ya fito da tayirista, makunni marar motsi da aka yi da silikon. A shekarun 1980 aka samu IGBT, wanda B. Jayant Baliga na cikin manyan masu ƙirƙiro shi, mai iya kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. A nan Afirka ma, layin Inga zuwa Shaba a Kwango, mai kimanin kilomita 1,700, ya fara aiki da DC a 1982. Da zarar an samu hanyar ɗaga boltejin DC da sauke shi, dalilin kayen nasa ya kau.

Sai sabuwar tambaya ta taso: wa zai riƙe boltejin a wuri guda?

Ku ɗauki tankin ruwa na saman gida. Famfo yana zubawa, mutanen gida suna ɗiba. Idan shiga ta fi fita, ruwa ya hau har ya yi ambaliya. Idan fita ta fi, ya ƙafe. A cikin inbata da yawa na zamani, tankin nan shi ne kafasita da ke kan layin DC, tsayin ruwan kuma shi ne bolteji. Wutar gida mai bolt 230 ƙololuwarta tana kai kusan 325, don haka dole layin ya zauna sama da haka, galibi wajen 400. Sai dai tankin ɗan ƙarami ne, abin da ke ciki ba ya kai ko daƙiƙa ɗaya idan lodi ya yi nauyi.

Shi ya sa na'urar da ke ciki take auna boltejin ba tsayawa. Gajimare ya rufe fanel, bolteji ya fara sauka, nan take ta jawo daga batir. An kashe injin ruwa farat ɗaya, bolteji ya yi sama, ta tura rarar cikin batir, in kuma ya cika ta rage abin da take karɓa daga fanel. Kun ga, aikin da baturan tsoffin tashoshi suke yi ke nan, gudu kawai aka ƙara. A manyan layukan DC ma ka'idar ɗaya ce: tasha guda tana riƙe bolteji, ɗayar tana kula da yawan wutar da ke wucewa.

Ni darasin da na gani shi ne, wutar da aka kasa riƙe boltejinta ba ta da amfani, komai yawanta. Don haka idan inbatarka ta kashe kanta, kada ka yi ta kunna ta da ƙarfin tsiya, kare kafasitocinta take yi. A duba ko lodi ya fi ƙarfinta, ko batir ya gaji, ko an jera fanel har boltejinsu ya wuce abin da aka rubuta a jikinta. Kuma kada ka buɗe ta da kanka, kafasita tana iya riƙe wuta mai kisa bayan an kashe. A kira mai gyara da ya san aikin.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.