Asalin Agogon Lange na Glashütte

Asalin agogon Lange daga birnin Dresden ne, a yankin Saxony na Jamus. Can aka haifi Ferdinand Adolph Lange a 1815. Tun yana saurayi aka damƙa shi hannun Gutkaes, gwanin da ya zama maƙerin agogon fada, ya koyi sana'a, sannan ya tafi Faris ƙaro ilimi.

Dattawan sana'ar ba sa gajiya da labarin gidan wasan Semper na Dresden. Wai a da, in an rage fitilu, sai kowane ɗan kallo ya latsa agogon aljihunsa don ya buga masa lokaci, ƙararrawa ta dagula waƙa. Shi ne sarki ya sa a ƙera agogon da kowa zai hango daga kujerarsa. A 1841 aka kafa shi bisa dandali, mai tagogi biyu: ɗaya na nuna awa, ɗaya na juyawa duk bayan minti 5. Wasu sun ce aikin Gutkaes ne shi kaɗai, wasu sun ce da hannun Lange. Zance na biyu ya fi kama hankali, don a shekarar da ta biyo maigidan ya ba shi auren 'yarsa.

Abin da ya fi burgewa shi ne, duk da wannan gata, Lange bai zauna a birni ba. Ya nufi Glashütte, wani ɗan gari cikin duwatsu inda azurfa ta ƙare a ramuka, talauci ya yi wa mutane katutu. Ranar 7 ga Disamba 1845 ya buɗe maƙera da rancen gwamnati, ya ɗebi yara 15. Wanda ya ƙware sai ya ƙarfafa shi ya kafa tasa, har garin kaf ya koma na agogo. Shekara 18 yana shugabantar garin. A 1868 ɗansa Richard ya shigo, aka raɗa sunan A. Lange & Söhne. A 1898 agogon gidan nan Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya kai wa Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid tsaraba.

Abin takaici, bam ya rushe masana'antar ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a Turai, aka kuma ƙwace kamfanin a 1948. Sai a 1990 Walter, tattaɓa-kunnen Ferdinand Lange, ya dawo ya farfaɗo da shi. Yau akwai samfurori irin su Saxonia, 1815, Zeitwerk da Odysseus, amma Lange 1 na 1994 shi ya ɗauko gida: kwanan watansa na leƙowa ta tagogi biyu, kamar agogon Semper.