Suyar Indomie Da Taliyar Iyayenmu

'Yan'uwana Hausawa mazauna Nguru da Gashuwa.

Yau da wuya ka shiga gida ko teburin mai shayi ba ka tarar ana soya Indomie da attarugu da albasa da ƙwai ba. To amma ina asalin wannan suya?

Sinawa 'yan ci-rani ne suka kai dabarar soya taliya a wuta mai ƙarfi ƙasar Indunusiya, mutanen can suka karɓe ta suna kiran ta mi goreng. Ita kuwa taliya mai saurin dahuwa, Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a Japan a 1958. Indomie ta fito a Indunusiya a 1972, ta shigo Najeriya a 1988, daga baya aka kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun.

Mu ma fatauci ne ya zaunar da kakanninmu a ƙasar Manga da Bade, musamman bayan layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930. Kuma muna da tamu taliyar: iyayenmu mata su kwaɓa fulawa, su murza da ɗan inji, su shanya a igiya, a ci da manja da yaji. Da cinikinta wasu suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Yanzu kwalin Indomie yana neman kashe wannan sana'a.

Sinawa ba su yar da girkinsu a baƙunta ba. Taliyar murji ma tana soyuwa: tafasa ta sama-sama, ka tsane, ka juya cikin mai mai zafi. Mu riƙa saye a wajen matan unguwa.