Dutsen Zagami da Labarin Mirrihu

Ran 3 ga watan Oktoba, 1962, wani manomi na Zagami, cikin Lardin Katsina, yana korar hankaki daga gonarsa, sai ya ji wata ƙara kamar ta aradu. Kafin ya ankara, wani abu ya faɗo kamar ƙafa 10 daga inda ya ke tsaye, ya nutse cikin ƙasa wajen ƙafa 2. Da aka tono, sai aka ga dutse ne, nauyinsa kamar laba 40. Aka kai shi Kaduna, ofishin masu binciken duwatsu da ke kudancin kogi, watau gefen da Trikania da Kakuri su ke. An dai san daga sama ya faɗo, amma daga ina? Wannan ya daɗe yana gagarar masana.

Amsa ta zo ta hanya mai nisa. Cikin 1976 Amurkawa suka saukar da na'urori biyu, masu suna Viking, a kan tauraron nan ja da malamai ke kira Mirrihu, Turawa kuwa Mars, suka auna iskarsa. Cikin 1995 aka sami 'yar iska kulle a cikin dutsen Zagami, aka gwada, sai ga ta iri ɗaya da waccan. Ashe dutsen ɓantaren Mirrihu ne. Wani ƙaton dutse ne ya faɗa wa wannan duniya, ya tarwatsa ɓaraguzai, ɗayansu ya yi ta shawagi wajen shekara miliyan 3 kafin ya sauka a gonar Bakatsine.

Shi dutsen, wuta ce ta haife shi, gama narkakken dutse ne da ya daskare. Amma abin da ya sassaƙa fuskar ƙasar da ya fito, yawanci ruwa ne da ƙanƙara da iska.

Da jirgin Mariner 9 ya isa can cikin 1971, sai ya tarar ƙura ta rufe duniyar kaf, irin wadda hazon hunturu na Kaduna bai kama ƙafarta ba. Sai da ta lafa sa'an nan aka ga abin mamaki: kwaruruka masu rassa da lanƙwasa, sak busassun koguna. Waɗansu suka yi gardama, suka ce ai narkakken dutse ma ya kan yanka kwari, kuma gardamar tasu ba ta banza ba ce. Abin da ya ƙarfafa hujja ƙarami ne ƙwarai. Cikin 2012 na'urar Curiosity ta sauka a ramin Gale, ta ɗauko hoton tsakuwoyi mulmulallu manne cikin dutse. Duk yaron Trikania da ya taɓa tsintar tsakuwa a bakin kogin Kaduna da rani ya san dutsen fasa kaifi gare shi, ruwa ne kaɗai ke mirgina shi har ya yi sumul. Iska ba ta iya ɗaukar tsakuwa mai wannan girma. Watau rafi ya gudana a wurin, fiye da shekara miliyan 3,000 da suka wuce.

To, ina ruwan ya tafi? Iskar Mirrihu ta yi ta tserewa sama har ta zama ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kaurin tamu ba, ruwa kuwa ba ya zama ruwa a wuri irin wannan, sai dai ya daskare ko ya zama tururi. Mai yawa ya daskare a ƙuryar arewa da ta kudu, wani kuma yana ƙarƙashin turɓaya. Cikin 2008 na'urar Phoenix ta yi ɗan tono, ta ga fararen gutsattsari, bayan kwana 4 suka ɓace. Gishiri ba ya ɓacewa haka, ƙanƙara ce.

Yau aikin ya koma hannun iska. Ita ke tara tuddan rairayi irin na hamada, tana goge duwatsu, ita ce kuma ta yi ajalin na'urar Opportunity cikin 2018, da ƙura ta tare mata hasken rana da ta ke aiki da shi.

Dutsen Zagami kuwa an yayyanka shi, ya bazu ɗakunan bincike na ƙasashe. Cikin 1996 aka sa wani ɗan ƙanƙanin ɓantarensa a jirgin Mars Global Surveyor, aka harba shi, ya isa Mirrihu cikin 1997, ya shiga kewaya ta.