Iskar Farkon Damina: Daga Soron Kaka Zuwa Rufin Kwano

'Yar'uwa, ko kin taɓa lura cewa duk hadarin da ya yi mana ɓarna a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa? To, wannan ba sabon abu ba ne. Tun kaka da kakanni haka yake. Idan zafin bazara ya kai intaha, a watan Mayu ko Yuni, danshin da ke zuwa daga teku ta kudu yakan haɗu da busasshiyar iskar hamada, sai gabas ta yi baƙi ƙirin da la'asar ko cikin dare. Iska da ƙura su ke fara isowa, ruwa ya biyo baya. Shi ya sa ɓarnar farkon damina ta fi ta tsakiyarta, domin a lokacin ƙasa tsirara take, babu shuka babu ciyawa.

Mutanen da sun san wannan sarai. Magina kan fi ba bangon gabas kulawa, a yaɓe shi, a shafe shi da makuba, don shi ke shan dukan ruwa. Rufin soro kuwa, azara ce da ƙasa, nauyinsa ya fi ƙarfin iska. Matsalarsa yoyo, ba tashi sama ba.

Da kwano ya shigo a zamanin Turawa, ya kuma yawaita bayan kuɗin fetur na shekarun 1970, sai aka huta da yoyo amma aka gamu da wani ciwon kan. Kwano ba shi da nauyi, idan iska ta samu ƙofa ko taga a buɗe, sai ta shiga ta ɗaga shi kamar faifai. Ga shi kuma an sassare itatuwa an yi girki da su.

Bayan farin 1973 hukumomi suka farga, aka shiga dasa layukan itatuwa don tare iska a arewacin Kano, Katsina da Sakkwato. A Nijar ma, tun 1975 aka soma jera darbejiya a kwarin Majiya da ke jihar Tawa, manoma suka ga amfaninta.

Duk da haka iska ba ta daina ba. Washegarin ƙaramar sallar 2018 ta afka wa garin Bauchi, ta yaye rufin gidaje masu yawa, ta kayar da turakun lantarki, aka yi asarar rayuka, har Shugaba Buhari ya je jaje. A watan Mayun 2020 kuma, jar ƙura ta lulluɓe Yamai da rana tsaka.

To uwargida, kin ga tunda abin yana da lokacinsa, ai ba mamaya ba ce. Kafin damina ki tuna wa maigida ya kira kafinta ya duba ƙusoshi da katakon rufi, ko da zai ce kin cika mita. Da kin ga gabas ta haɗa, ki kira yara ciki, ki kashe wutar murhu, ki rufe ƙofa da taga. Kada a fake a gindin bishiya ko jikin tsohuwar katanga. In da fili a gidanku, dasa itace nesa kaɗan da ɗaki, ki riƙa zuba masa ruwan wanke-wanke.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.