Daga Ramin Diablo Zuwa Gindin Dala

Wata rana bayan sallar la'asar, a soron gidanmu da ke cikin birni, na tarar da jikana da abokansa sun haɗa kai a kan wayar salula guda, suna kallon wani jarumi mai takobi yana gangara cikin duhun ƙarƙashin ƙasa, yana sarar dodanni yana tsintar zinariya. Da na tambayi sunan abin aka ce mini Diablo, kalmar da ma'anarta a harshen mutanen Sifaniya ita ce Shaiɗan. Wannan ya sa na ɗaura niyyar bin salsalarsa, domin abin da ya shigo mana har soro bai kamata mu jahilci nasabarsa ba.

Asalin lamarin a Amurka yake, a shekarar 1974, sa'ad da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi da takarda da alƙalami da ƙwaya irin ta ludo, mutum ɗaya yana bayar da hikaya, sauran kowa ya zaɓi matsayinsa, wannan mayaƙi, wancan boka. A 1980 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya, Michael Toy da Glenn Wichman, suka shigar da wannan tunani cikin kwamfuta da sunan Rogue, kuma da yake na'urorin wancan zamani ba su iya zana sura, sai suka wakilta dodanni da haruffan boko. Hikimar da suka zo da ita, wadda ta wanzu har yau, ita ce na'urar takan sake fasalin ɗakuna da lunguna duk lokacin da aka soma, ta yadda haddar hanya ba ta amfanar kowa, kuma wanda ya mutu ya mutu ke nan, sai ya koma farko. Kamfanin Atari ya fitar da Gauntlet a 1985, na mutum huɗu a tsaye gaban akwati guda suna zuba sulalla. Amma wanda ya game duniya shi ne Diablo na kamfanin Blizzard, wanda ya shiga kasuwa a farkon 1997: hawa goma sha shida zuwa ƙasa, a ƙarƙashin majami'ar wani ƙauye mai suna Tristram, kowane hawa ya fi na bisansa tsanani. David Brevik, wanda ya ƙago shi, da fari ya tsara shi a kan bi-da-bi kamar dara, daga baya aka rinjaye shi ya mai da shi faɗan nan take, kuma wannan sauyi ne ya haifi dukan zuriyar da ta biyo baya.

A Kano kuwa, gidajen gem da suka yaɗu a unguwanni, masu janareto a ƙofa da yara suna biyan kuɗi suna jiran layi, galibinsu ƙwallon ƙafa da dambe suka ginu a kai, domin wasan da ke cin kwanaki bai dace da hayar mintoci ba. Sai da waya ta shiga aljihun kowa, aka kuma fitar da Diablo Immortal na waya a 2022, wasa irin na Diablo ya sami mazauni sosai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙashin bayan labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Jarumin da ya tunkari abin tsoro a bakin rami shi kaɗai, ai Bayajidda ne a rijiyar Kusugu ta Daura. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ruwaito yadda Barbushe, daga Dutsen Dala, yake shiga kewayen Tsumburbura da dare ba tare da kowa ba, da yadda Sarki Tsamiya ya rushe wurin tsafin a ƙarni na 14. Kakanninmu mata ma da Dodo suke raya dare, illa dai tatsuniyarsu tana da ƙurunƙus, shi kuwa wannan an gina shi ne don kada ya ƙare, kullum da sauran takobi mafi kaifi a hawa na gaba. A nan ne nake jin tsoron lahawu, wanda zai sa ladan ya kira magariba yaro bai ji ba, kuma wajibi ne uba ya iyakance masa lokaci.

Ku kuwa samarinmu da kuka karanci ilmin kwamfuta a Jami'ar Bayero, ga ganuwar da Sarki Gijimasu ya soma, ga lungunan Kasuwar Kurmi, ga Gidan Makama cike da kayan yaƙin magabata. Ku je ku duba su, ku zauna da dattawan unguwa, sa'an nan ku gina wa ƙannenku wasa da harshensu.