Karyewar Noti da Estirakta a Gyaran Birkin Mota: Nazari kan Dalili da Mafita a Garejojin Daɗin Kowa, Jos

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin matsalar da kanikawa ke cin karo da ita wajen gyaran birki, wato noti ya karye a cikin mazauninsa, a kawo estirakta don zaro shi, ita ma ta karye a ciki. An bi ta hanyar duba halayen ƙarfe da lissafin ƙarfin murɗawa, aka ɗora su kan yanayin motoci da garejojin Daɗin Kowa. Nazarin ya nuna cewa abin da ya karya notin shi ne zai faɗi dabarar cire shi, kuma notin da tsatsa ta kama ba aikin estirakta ba ne. Walda macen noti a kan guntun ta fi dacewa, kuma akwai inda sauya kalifa ne kaɗai mafita.

1.0 Gabatarwa

Daɗin Kowa unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, a kan babban titin da ya haɗa Jos da Bukuru. Ba ita ce Daɗin Kowa ta Jihar Gombe mai madatsar ruwa ba. Motar da ta tashi daga nan za ta Akwanga ko Abuja sai ta ratsa Bukuru da Mararrabar Jama'a da Riyom, sannan ta fuskanci gangaren Hawan Kibo. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, saboda haka duk mai barin ta ta wannan hanya saukowa zai yi, kuma ransa na hannun Allah, sannan yana kan birkinsa. Wannan ne ya sa ƙaramin noti da tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba ya cancanci nazari.

A bakin kanikawa kalmar noti ta haɗa namiji da mace. A nan, idan an ce noti kawai ana nufin namijin, mai kai da haƙora. Macen kuwa za a ambace ta da sunanta. Kalifa ita ce ƙarfen da ke matse takalman birki a jikin faifai. Estirakta wani tsinken ƙarfe ne mai tsini, haƙoransa na juyawa hagu: a huda guntun notin, a cusa ta, a murɗa, da fatan za ta kamo shi ta fito da shi.

2.0 Hanyar Nazari

Nazarin ya dogara ne kan ƙa'idojin da aka sani na taurin ƙarfe da buɗewarsa idan ya ji zafi, da lissafin murɗawa a sandar ƙarfe. Notuna uku aka duba: notin cire iska, notin sandar da kalifa ke zamewa a kai, da babban notin da ke riƙe gindin kalifa. An fi tsayawa kan na farko domin shi ne ya fi karyewa.

3.0 Abin da ke Kafe Noti

Galibin motocin da ke shiga garejin Daɗin Kowa 'yan Beljiyam ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka ko Kanada kafin su iso ta Legas ko Kwatano. A ƙasashen ƙanƙara ana watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu, ruwan gishirin kuma ƙarƙashin mota yake fantsama, daidai inda birki yake. Motar tana isowa da jiki na sheƙi, amma notunan kalifarta sun riga sun ci tsatsa. Daminar Jos, wadda ke kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, sai ta ɗora daga inda gishiri ya tsaya.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, don haka takan cike ratar da ke tsakanin haƙora ta matse su. Idan kalifar ta alminiyum ce, notin kuma na baƙin ƙarfe, lamarin ya fi muni: ƙarafa biyu mabambanta da danshi a tsakaninsu sun zama tamkar ƙaramin batir, alminiyum ɗin ya riƙa cinyewa yana barin farin gari mai kama noti kamar siminti. Notin cire iska kuma rami ne a cikinsa. Da zarar 'yar hular robar da ke kansa ta faɗi, ruwa ya sami hanyar shiga har gindinsa.

Sai kuma hannun mutum. Wannan noti ɗaurin da yake bukata bai wuce kimanin Nm 10 ba, alhali babban notin gindin kalifa yakan kai Nm 100 ko fiye. Yaron gareji da ya saba da jin «ɗaure shi tamau» ba ya bambanta su idan ba a nuna masa ba.

4.0 Dalilin da ya sa Estirakta ke Karyewa

Ga yadda abin yake faruwa. An ɗaga mota a jak, an cire taya, yaro yana kan kujerar direba yana jiran a ce masa «taka». Bakanike ya ɗora sifana mai lamba 8 a kan notin cire iska, ya ja, bai motsa ba. Ya zuba masa man birki ko kananzir, ya ɗan buga, ya sake ja. Sai ya ji laushi, ya ɗauka notin ya saki, ashe wuyansa ne ke murɗewa. Kan ya faɗo a tafin hannunsa, guntun ya rage daidai da fuskar kalifa. Tunda ramin yana nan a buɗe, zuciya sai ta raya masa cewa ga wurin estirakta an riga an tanada. Ya cusa ta da guduma, ya murɗa, sai ƙas! Yanzu a tsakiyar ƙarfe mai laushi akwai wanda bakin huda ba ya ci.

Wannan ba rashin sa'a ba ne, lissafi ne. Ƙarfin da sandar ƙarfe ke iya jurewa wajen murɗawa yana tafiya ne da kaurinta sau kanta sau uku. Noti mai kaurin milimita 8, idan aka cire haƙoransa, cikinsa kimanin milimita 6.5 ne. Estiraktar da za ta shiga cikinsa ba ta wuce rabin wannan kauri. Rabi sau rabi sau rabi ya ba da kashi ɗaya cikin takwas. Ko da ƙarfenta ya ninka na notin ƙarfi sau biyu, abin da za ta iya ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da notin ya ɗauka ba. To, notin da kansa, da cikakken kaurinsa, ya karye bai motsa ba. Ta yaya wadda ba ta wuce rubu'insa ba za ta motsa shi?

Akwai illa ta biyu. Estirakta mai tsini ce, tana shiga tana buɗa guntun kamar yadda ake tsaga itace da weji. A notin cire iska, wanda bangonsa siriri ne, kowane juyi ƙara manna shi yake a jikin kalifa. Mai murɗawa yana yaƙi da tsatsa, yana kuma yaƙi da matsin da shi kansa yake ƙarawa.

Illa ta uku tauri ne. A ma'aunin Rockwell, noti mai hatimin 8.8 yana tsakanin 22 da 32, mai hatimin 10.9 kuma tsakanin 32 da 39. Estirakta takan kusanci 60, bakin huda na yau da kullum kuma ɗan sama da 60 ne kawai. Ƙarfe mai irin wannan tauri ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, tsinkewa yake farat ɗaya. Kuma tunda taurinta da na bakin huda kusan ɗaya ne, bakin sai ya zame ta gefe ya ci jikin kalifa, wanda ya fi laushi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ba a ce estirakta ba ta da amfani ba. Notin da ya karye saboda an wuce kima wajen ɗaure shi, ko nauyi ya tsinke shi, da kansa ya fita matsi ya saki. Guntun yakan juya ko da tsinke da ƙaramar guduma. Nan ne wurinta. Tambayar farko da ya kamata bakanike ya yi ita ce: wajen ɗaurewa ya karye ko wajen kwancewa? Idan wajen kwancewa ne, a mayar da estirakta cikin akwati.

5.0 Mafita Bayan an Karya

Matakin farko a sauke kalifar daga mota a kai ta teburi. A cire tiyon mai da fistin da robobinsa, domin zafi yana lalata roba, man birki kuma yana kama wuta. Idan an wanke wurin da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, kada a kusantar da wuta sai ya bushe sarai, domin zafin walda kan mayar da shi iskar fosjin mai kisa.

Dabarar da ta fi dacewa da Daɗin Kowa ita ce walda, ko don mai walda ba ya wuyar samu kusa da gareji. A ɗora washa a kan guntun, a ɗiga walda ta raminta har ta kama guntun da estiraktar tare, a ɗora macen noti a kai a cike cikinta. Amfanin biyu ne. Guntun ya sami sabon kai da sifana za ta kama. Sannan zafin ya sa ya so kumbura alhali babu wuri, idan ya huce sai ya ɗan tsuke, tsatsar ta farfashe. Haƙuri ake so a nan: a bari ya huce da kansa, kada a watsa ruwa, sannan a riƙa motsa shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Sau da yawa waldar farko takan ɓalle, ta biyu ko ta uku ce ke fito da shi. A kalifar alminiyum waldar ƙarfe ba ta kama jiki, kuma alminiyum na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, wanda taimako ne. Sai dai yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ba, mai riƙe da wuta ba zai ga alama ba sai ɓarna ta auku. Idan tilas ta sa aka yi waldar a jikin mota, kamar a notin gindin kalifa, a cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa dab da wurin, don kada wuta ta ratsa ta boris ɗin taya ko na'urar ABS.

Idan guntun ya nutse ciki, walda ba ta kai gare shi, sai a koma ga taurin estiraktar a mayar da shi makami: a sa tsinken ƙarfe a daddoke ta har ta farfashe, a tsince ɓaraguzan. Inda ta ƙi, bakin niƙa na tangistin kabaid zai cinye ta a hankali. Wannan kabaid ɗin dabam yake da wanda masu walda ke jiƙawa su sami gas. Bayan ta fita, a huda da baki mai juyin hagu, daga ƙarami zuwa babba, a tsakiya cak. Sau tari zafi da juyin kan warware guntun tun ba a gama ba. Akwai kuma injin da ke cinye ƙarfe da tartsatsin lantarki, fasahar da Boris da Natalya Lazarenko suka kafa tushenta a Tarayyar Sobiyet a 1943. Shi ba ruwansa da tauri, amma kuɗin aikinsa ya fi dacewa da kan inji, ba kalifa ba.

6.0 Inda ya Kamata a Tsaya

Notin cire iska ba da haƙoransa yake toshe mai ba, da tsininsa ne, wanda ke zama cikin wani ɗan gurbi a ƙasan ramin. Idan bakin huda ya taɓa wannan gurbi, ko ramin ya karkace, kalifar ta tashi aiki. Matsin mai a taka birki mai ƙarfi yakan kusanci bar 100. Gam ko zaren famfo ko waldar toshe rami ba su da hurumi a nan, kuma marubucin wannan maƙala yana ganin yin su cin amanar mai mota ne, ko da shi ya roƙa.

Akwai wata dabara da ta fi waɗannan yaɗuwa: a bar guntun a inda yake tunda ba ya yoyo, a cire iska ta bakin tiyo. Mota za ta tashi, birki zai kama a cikin gari. Amma an sa notin cire iska a ƙololuwar kalifa ne domin iska sama take taruwa, kuma bakin tiyo bai kai can ba. Bugu da ƙari, kalifar da ba a iya buɗewa ba a sauya man cikinta. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yakan sauko zuwa wajen 155. Na DOT 3 daga 205 zuwa 140. A gangare mai tsawo irin Hawan Kibo, da mota cike da fasinja da buhunan dankali, zafin faifai yana ratsawa har cikin man. Idan ya tafasa, ƙafar direba sai ta tafi har ƙasa babu abin da ya riƙe ta.

7.0 Shawarwari

Riga-kafin ba shi da tsada: hular roba a kan kowane notin cire iska, sifana mai kusurwa shida maimakon mai buɗaɗɗen baki, da buɗe notin duk lokacin sauya mai, wanda yawancin kamfanonin mota ke so a yi bayan shekara biyu. Motar da ta iso daga waje, a gwada notunanta a makon farko, tun ana da sukunin jiƙa su su kwana.

Hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, a Jos take, haka ma Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a Bukuru. Muna kira ga waɗannan cibiyoyi da ƙungiyar kanikawa ta NATA su shirya bita da Hausa, a cikin gareji, da karyayyar kalifa a kan teburi, a nuna wa yaran gareji wannan lissafi na kashi ɗaya cikin takwas. Mai mota kuma, idan bakanike ya ce maka kalifa ta tashi aiki, ka nemi ya nuna maka gurbin da idonka. Idan ka ga ya ci, ka sayi wata kafin ka hau hanya.